Yadda za ka auna wa ya fi nauyi cikin jama'a in suna warwatse a WhatsApp da Facebook da TikTok

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da na taimaka ma wata ƙungiyar ƴan kasuwar wake da aya nan Maradi muka fiddo mutanen da ya kamata a riƙa bi ta hannunsu in ana son saƙo ya kai ko'ina, tambaya ba ta yanke ba, ɗalibai masu rubuta memwar a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna tambaya, shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa su ma haka, kowa dai yaya ake yi. To ga shi daki-daki yadda nake yi da hannuna.

Kalmomi uku za mu riƙe. Kowane mutum ɗigo ne. Duk hulɗa tsakanin mutum biyu igiya ce. Kowane dandali kuma hawa ne, kamar bene mai hawa uku, WhatsApp a ƙasa, Facebook a tsakiya, TikTok a sama, mutum guda yana iya zama a hawa ɗaya ko a dukansu. Abin da nike so ku gane tun yanzu shi ne wanda ya cika gurup da surutu ba lalle shi ne mai nauyi ba, sau da yawa mai nauyin wani ne da ba ya yawan magana amma yana hawa da sauka tsakanin benen yana ɗauko magana daga nan yana kai ta can.

Kayan aiki da kuɗin da za ka kashe

Kwamfuta ko da tsohuwa ce, mai giga 4 na RAM ta isa in mutanenka ba su wuce ɗaruruwa ba. Excel ko LibreOffice Calc. Sai Gephi, manhaja ce ta kyauta ta zana rezo, wato taswirar ɗigo da igiyoyin nan, da auna shi, sabbin fitowarta suna zuwa da Java a ciki ba sai ka nema daban ba. Sai kaye da bik, kar ka raina su. Ba sisin da za ka biya na manhaja, kuɗinka forfe ne na sauke Gephi sau ɗaya, in ma wani abokinka yana da ita ka kwasa a kile, sai ɗan abin shayi na yaran da za su taya ka ƙirga. Abin da zai ci ka da gaske lokaci ne, ni gurup mai mutum wajen sittin da hawa uku ya ci min kwanaki ina zaune bayan isha'i.

1. Ka yanke wane irin nauyi kake nema

Kafin ka buɗe komi ka rubuta tambayarka a layi ɗaya. Wa aka fi kulawa in ya yi magana? Wa ke haɗa ɓangarorin da ba sa magana da juna, misali ƴan babbar kasuwa da masu sayo kaya daga Tasawa ko masu ƙetarawa Jibiya? Ko kuwa wa ke ko'ina? Kowace tambaya da ma'auninta, kuma amsoshin ba sa zama ɗaya.

Gargaɗi: in ka tsallake wannan za ka zo ƙarshe da lambobi kala biyar ka zaɓi wanda ya fiddo abokinka a sama. Na ga an yi, kuma mai yin bai ma san ya yi ba.

2. Izini

Ka gaya ma shugabannin ƙungiya da mambobi abin da za ka yi, a cikin gurup ɗin, da bokal ba da rubutu kaɗai ba don kowa ya ji. Ka ce ba abin da aka faɗa kake dubawa ba, wa ya amsa ma wa kawai. Wanda ya ce a cire shi ka cire shi. A Nijar akwai dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, nimeron salula da suna duk suna cikin abin da dokar ta kare. Ko ba doka ma amana ce.

3. Ka shata iyaka

Su wa ke ciki? Ka rubuta jerin mambobi tukuna, wanda ba ya cikin jerin ba ya shiga lissafi ko da ya yi koment ɗari a Facebook. Sannan lokaci, ka ɗauki tsawo ɗaya a dukan hawa, misali sati 8, daga rana kaza zuwa rana kaza.

Gargaɗi: kar ka ɗauki WhatsApp na watan azumi ka haɗa da Facebook na lokacin kaka. Cikin azumi da sallah gaisuwa da tura wa'azi ke cika wuri, lokacin kaka kuma maganar farashi ce, mutanen da ke tashe a kowane lokaci daban ne.

4. Haɗa sunaye, nan aikin yake

Wannan matakin shi ne rabin aikin duka, kuma shi ne mutane ke gudu. Mutum ɗaya a WhatsApp nimero ne, a Facebook yana da sunan yanka da na mahaifi, a TikTok kuma wani laƙabi ne da ba ya kama da komi. Ƙari a kan haka nan Maradi ɗan kasuwa da yawa yana da layi biyu ko uku, na +227 da na +234 saboda zirga-zirgar Katsina da Kano, kuma duk layukan suna cikin gurup ɗin. In ba ka haɗe su ba kwamfuta za ta ɗauke shi mutum uku, ta raba nauyinsa uku, sai ya faɗo ƙasan jeri alhali shi ne ginshiƙin.

Ka buɗe tablo mai layuka biyar a tsaye: lamba, nimero na ɗaya, nimero na biyu, sunan Facebook, sunan TikTok. Lambar ka ƙirƙira da kanka, M01, M02, M03 har ƙarshe. Daga nan gaba ba ka ƙara amfani da suna ko nimero a ko'ina sai wannan lambar. Tablon nan shi ne mabuɗi, ka ajiye shi daban da kalmar sirri.

Hanyar da ta fi min sauƙi ita ce zama da sakataren ƙungiya ko wani dattijo da ya san kowa, ina karanto suna yana ce min wane ne ɗan wane. Wanda muka yi shakka a kansa mu kira shi mu tambaye shi kai tsaye. Kar ka yi hasashe da hoto ko kamar suna, masu suna iri ɗaya sun yi yawa, ka haɗe mutum biyu su zama ɗaya ka ƙirƙiro wani gwarzo da babu shi a duniya, wannan kuskuren ya fi na farko muni.

Akwai kuma salular da mutum biyu ke amfani da ita, maigida da yaron shago, ko uwa da ɗiyarta da ke karanta mata saƙo. Ka yanke hukunci ɗaya ka rubuta shi a kaye, ni ina ba mai salular.

Gargaɗi: ka mai da layin nimero ya zama rubutu kafin ka zuba, in ba haka ba Excel zai cinye alamar + ya mai da dogon nimero wani abu mai E a tsakiya.

5. Fiddo igiyoyi, hawa-hawa

WhatsApp: ka shiga gurup, ɗigo uku na sama, Plus, Exporter la discussion, ka zaɓi ba tare da hotuna da bidiyo ba. Zai ba ka fayil na rubutu mai ɗauke da rana da awa da wanda ya tura, yana iya kaiwa saƙo 40,000 na baya-bayan nan. To amma ga matsalar da ba a faɗa ma mutane, fayil ɗin ba ya nuna wa aka ba amsa. Saƙon da aka ja aka amsa yana fitowa kamar kowane saƙo, bokal kuma da shi ne yawancin maganarmu sai dai ka ga an rubuta Médias omis. Don haka fayil ɗin amfaninsa sanin wa ya yi magana da yaushe, igiyar kuwa sai ka koma cikin salula kana bi kana rubutawa, M12 ya amsa ma M03, M07 ya ambaci M20. Wasu suna gajarce hanya su ce duk wanda ya yi magana cikin minti 5 bayan wani to amsa ce. Ana yi, amma a gurup mai cunkoso yana ƙirƙiro igiyoyin ƙarya da yawa, ni na fi son bi da ido ko da zai ɗau kwana uku.

Kuma ka yi amfani da salular wanda yake gurup ɗin tun farkon lokacin da ka shata, don fayil ɗin abin da ke cikin wannan salular kaɗai yake fiddowa.

Facebook da TikTok: da hannu ne su ma. Ka bi abin da mambobi suka wallafa a cikin satukan, ka rubuta wa ya yi koment, wa ya ambaci wa, wa ya ƙara tura na wa. Layik ni ba na ƙirga shi, ya yi arha da yawa, mutum yana dannawa bai ko karanta ba. Kar ka sa manhajar da ke kwasar bayanai da kanta, dokokin dandalin sun hana kuma ana iya rufe maka konti.

Kowane hawa shafinsa daban, layuka uku masu kai Source, Target, Weight, haka za ka rubuta su harafi da harafi don da su Gephi ke ganewa. Source shi ne wanda ya amsa, Target wanda aka amsa ma, Weight sau nawa. Ka rubuta kowace amsa a layinta, a ƙarshe tableau croisé dynamique, wato tablon taƙaitawa na Excel, ya tara maka jimillar kowane mutum biyu.

Gargaɗi: kar ka juya kibiyar. In ka sa wanda aka amsa ma a Source, ma'aunin zai ɗaga mai yawan amsawa maimakon wanda ake amsa ma. Sannan “amin” da “Allah ya jiƙan rai” da sitika na barka da Juma'a, ka yanke tun farko ko za su shiga. Ni ina cire su, in ba haka ba duk wanda aka yi ma rasuwa ko haihuwa a watan shi zai zo na ɗaya.

6. Auna kowane hawa shi kaɗai

Ka ajiye kowane shafi a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake raba layuka da waƙafi, a Gephi ka je Laboratoire de données ka shigo da shi a matsayin tablon igiyoyi, ka zaɓi rezo mai kibiya. Ka koma Vue d'ensemble, ta hannun dama akwai Statistiques. Ka danna Degré ya ba ka yawan igiyar kowa, masu shigowa da masu fita. Ka danna Diamètre, a ciki yake lissafa abin da nike kira ma'aunin dillanci, wato sau nawa gajeriyar hanya tsakanin mutum biyu ke ratsawa ta kanka, ma'aunin da Linton Freeman ya tsara a 1977. Sai PageRank, wanda Google ta fara da shi, ka bar 0.85 ɗin yadda yake ka sa alama a wurin amfani da nauyin igiya. Shi PageRank ba yawan masu kula ka kaɗai yake dubawa ba, yana duba su wane ne, amsa ɗaya daga wanda kowa ke saurare ta fi goma daga waɗanda ba a kulawa.

Gargaɗi: Excel na Faransanci yana raba layuka da waƙafi mai ɗigo ba waƙafi zalla ba, in ka ga komi ya dunƙule a layi ɗaya lokacin shigowa ka canza mai rabawar. Kuma ka riƙa ajiye aikinka kowane mataki, lokacin zafi in aka ɗauke wuta batirin tsohuwar kwamfuta ba ya jira.

7. Daidaita mudu

Hawan ba girmansu ɗaya ba. Mu ɗauka mutum 60 ne a WhatsApp, 25 kawai a Facebook. Wanda ke hulɗa da mutum 12 a WhatsApp ya taɓa 12 cikin 59, wato 0.20. Wanda ke hulɗa da 12 a Facebook ya taɓa 12 cikin 24, wato 0.50, rabin jama'ar wurin ke nan. In ka tara su haka ɗanye kamar ka auna wake da tiya a nan ka auna da gwangwani a can ka ce duk mudu ne. Don haka kowane adadi ka raba shi da yawan mutanen hawan ban da shi kansa.

8. Ma'aunin bazuwa

Yanzu tablo ɗaya, kowane mutum layinsa, layin B yawan igiyarsa a WhatsApp, C na Facebook, D na TikTok, E jimilla. Ma'aunin nan Battiston da Nicosia da Latora suka kawo shi a 2014, yana nuna ko mutum ya tattara a hawa ɗaya ne ko ya bazu. Ka raba na kowane hawa da jimilla, ka ninka kowanne da kansa, ka tara, ka cire daga 1, ka ninka da yawan hawa bisa yawan hawa ban da ɗaya. Da hawa uku 1.5 ke nan, da hawa biyu 2. A Excel na Faransanci:

=1,5*(1-((B2/E2)^2+(C2/E2)^2+(D2/E2)^2))

Misali da lambobi masu sauƙi. M05 yana da 30 a WhatsApp, babu komi a sauran, sakamakonsa 0. M11 yana da 10 a kowane hawa, jimillarsa 30 shi ma, amma sakamakonsa 1. M23 yana da 12 da 6 da 2, jimilla 20, kasonsa 0.6 da 0.3 da 0.1, in an ninka kowanne da kansa a tara 0.46, cire daga 1 saura 0.54, sau 1.5 ya ba da 0.81. Ka ga M05 da M11 jimillarsu ɗaya amma ba mutum iri ɗaya ba ne ko kaɗan, ranar da rezo ya hana WhatsApp tafiya ko aka cire M05 daga gurup ya ɓace gaba ɗaya, shi kuwa M11 yana nan.

Gargaɗi: kar ka karanta ma'aunin nan shi kaɗai. Mai 1 da 1 da 1 shi ma zai samu 1 cif alhali kusan ba wanda ya san da shi. Kullum ka ajiye shi gefen jimilla, wanda kake nema shi ne mai jimilla babba da bazuwa babba tare. In hawanka sun bambanta sosai a girma ka zuba lambobin mataki na 7 a maimakon ɗanyun. Wanda jimillarsa sifili ce ka cire shi kafin nan don Excel zai ƙi rabawa.

9. Gina benen gaba ɗaya da tsaninsa

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya zuba hawa ukun a kwano ɗaya ya auna. Yana ba da amsa, amma ya shafe bambancin wanda ya san mutum 20 a wuri ɗaya da wanda ke ɗauko magana daga wuri zuwa wuri. Ga yadda za ka yi a Gephi ba tare da rubuta wani kod ba.

Kowane mutum ka ba shi kwafi a duk hawan da yake, M07_W, M07_F, M07_T. Ka ƙara wutsiyar nan a lambobin kowane shafi, ka haɗe shafuka ukun su zama ɗaya. Sannan ka ƙara tsani, wato igiya tsakanin kwafin mutum ɗaya, M07_W zuwa M07_F da kuma M07_F zuwa M07_W, haka da T, kowace da nauyi 1. Mutum 60 a hawa uku ɗigo 180 ne mafi yawa, ba komi ba ne wurin Gephi. Ka sake danna PageRank da Diamètre, ka fiddo tablon zuwa Excel, ka tara na kwafin kowa da SOMME.SI ya koma lamba ɗaya. Wannan shi ne ruhin abin da Manlio De Domenico da abokan aikinsa suka bayyana a 2015, kuma suna da manhajarsu muxViz mai aiki a kan R ga wanda yake son cikakken lissafin. Masu Python kuma akwai NetworkX da pymnet.

Nauyin tsanin kai ne ka sa shi, ba wanda ya auna maka, don haka ka gwada da 1, ka sake da 3, ka sake da 10. Mutanen da suka zauna a goman farko duk sau ukun su ne na gaske. Wanda ke hawa da sauka da kowane canji ka sa masa alamar tambaya.

Gargaɗi biyu a nan. Dillancin Gephi ba ya duba nauyin igiya, duk igiya ɗaya ce a wurinsa, don haka canza tsani PageRank kaɗai zai motsa, kuma jimillar dillancin kwafi kusa-kusa ce ba cif ba tunda yana ƙirga har hanyoyin da ke tsakanin kwafin mutum ɗaya. Na biyu ga masu NetworkX, a lissafin dillanci yana ɗaukar nauyi a matsayin nisa, wato waɗanda suka fi hulɗa sai ya ɗauke su sun fi nisa da juna, sai ka juya ka ba shi 1 bisa nauyin.

10. Gwada amsar kafin ka kai ma kowa

Ka goge mutum biyar na sama daga rezon ka danna Composantes connexes ka ga ko ya tsage gida-gida. Ka maido su ka goge wasu biyar da ka zaɓa haka kawai ba tare da duba ma'auni ba, ka kwatanta. In ba bambanci to ma'auninka bai kama komi ba. Ka raba satukan 8 gida biyu ka auna kowane rabi, in jerin ya birkice gaba ɗaya bayananka sun yi kaɗan, ka ƙara lokaci.

Sannan ka danna Modularité ya raba maka jama'a rukuni-rukuni. Amfaninsa shi ne kar biyar ɗin da ka zaɓa su kasance duk ƴan fada ɗaya masu shan shayi tare, in haka ne saƙonka zai yi ta zagaye wuri guda. Ka ɗauki na sama daga kowane rukuni.

A namu aikin admin ɗin gurup shi ya zo na ɗaya a yawan igiya a WhatsApp kamar yadda kowa ya zata, amma a benen gaba ɗaya wata baiwar Allah ce mai ƙaramin shago ta wuce shi, ba ta cika magana ba, sai dai duk farashin da aka faɗa a gurup ita ke kai shi Facebook inda matan ƙauyuka da ƴaƴansu ke gani, su tambaye ta can ta dawo da tambayar gurup. Da na nuna ma dattijon da ya taya ni haɗa sunaye bai yi mamaki ba, ya ce ai tun kafin salula haka mahaifiyarta take. Wannan zaman da mai sanin mutane kar ka bar shi, don akwai Alhajin da ba ya rubuta komi a ko'ina amma kira ɗaya yake yi magana ta zauna, shi ba zai fito a tablonka ba sai an gaya maka ka rubuta shi a gefe.

11. Miƙa sakamako

Kar ka tura jerin daga na ɗaya zuwa na sittin cikin gurup, wallahi rigima za ka haɗa, wanda ya ga kansa a ƙasa ba zai ji bayanin lissafi ba. Ka ba shugabanni sunaye biyar zuwa takwas kawai, ba tare da lamba ba, ka ce ga waɗanda ya kamata a fara sanar da su. In memwar ce lambobin M kaɗai za su fito, kuma ka duba zanen da kyau don wani lokaci ko ba suna ana gane mutum ta wurin da yake zaune a rezon. Bayan an gama ka goge fayil ɗin hirar daga kwamfuta da kile da akwatin imel ɗin da ka tura ma kanka, tablon mabuɗi kuma ko ka goge shi ko ka miƙa shi ga sakataren ƙungiya in za a sake awon bayan wata shida.